Mutumin da Ya Surka Wutar Lantarki

Wani mutum ne mai sayar da tankunan ruwa da bututu da kan famfo. Mutumin kirki, ba ya faɗa da kowa, sai dai yana da ciwo guda: duk abin da ya gani a duniya, a wurinsa aikin famfo ne. In ka ce masa kanka na ciwo, zai ce wani wuri ne ya toshe. In ka ce mota ta ƙi tashi, zai ce iska ce ta shiga layi. Matarsa ta sha gaya masa, "Baban yara, ba komai ne bututu ba." Shi kuwa sai ya yi murmushi irin na wanda ya san abin da sauran mutane ba su sani ba.

To, wata shekara aka yi zafi na fitar hankali. Gidansu kuwa a hawa na sama yake, ƙarƙashin rufi, rana ta wuni tana dafa shi. Fanka na juyawa, amma iskar da take kawowa gara babu. Ƙaramar 'yarsu duk jikinta ya feso da ƙurajen zafi, ba ta barci, ba ta bari a yi. Ran nan surukinsa ya zo duba jika. Ya zauna a falo, ko ruwan da aka kawo masa bai gama sha ba gumi ya jiƙa masa riga. Tsohon kuwa mai magana ɗaya ne. Ya ajiye kofi, ya dubi 'yarsa, ya ce ta haɗa kayan yara.

"Baba, ai zafin mai wucewa ne," in ji mutumin.

"Na sani. In ya wuce sai su dawo."

"Baba, in kuma ya daɗe bai wuce ba fa?"

"To ka sa gidan ya yi sanyi. Ranar da ya yi, ka kira ni. Zan zo in shiga kowane ɗaki da ƙafata. In na gamsu, a ranar zan bar maka su."

Haka aka kwashe masa iyali yana ji yana gani. Mutumin da kullum yake ƙorafin yara sun cika shi da surutu, sai ga shi yana zagaye gida shi kaɗai yana neman wanda zai yi masa surutun. Ya dafa shayi, ya zuba kofi biyu, sannan ya tuna. In ya buga waya, babban yaron ya karɓa ya ce, "Baba, yaushe za mu dawo?" sai ya ce a ba Mama. Kewa ta kama shi ba kaɗan ba, har abokan ciniki suka fara tambaya ko ba shi da lafiya.

Ana nan sai yayansa ya kira shi. Ofishin da yake aiki sun tashi sun koma sabon gini, an bar masa na'urorin sanyaya ɗaki guda huɗu, esi ɗin nan ƙanana, irin waɗanda in an juya su kuma suke ɗumama ɗaki lokacin sanyi. Ya ce shi ba shi da inda zai sa su, in yana so ya zo ya kwasa. Faɗuwa ta zo daidai da zama. Ɗakunan gidan ma huɗu ne cif: falo, ɗakin yara, ɗakinsu, da wani ƙaramin ɗakin baƙi. Gogan naka ya kwaso su baki har kunne, ya nemo mai gyaran wuta.

Mai gyaran wuta ya kafa kowace a bangonta, ya ɗora injinansu a waje, ya share hannu. Sannan ya ce, "Saura wuta. Waya huɗu za mu ja."

"Huɗu? Don me?"

"Kowace tana jan wuta da yawa, maigida. Kowace da wayarta tun daga akwatin wuta, kowace da birekarta. Sai an fasa bango an binne, an shafe. Ina da wani aikin a hannu, amma zuwa ƙarshen wata zan gama maka."

"Ƙarshen wata? Malam, iyalina fa ba sa gida."

"Ai gara su dawo su tarar da gidan."

Mutumin ya kama hannunsa ya ja shi kicin. "Wannan mene ne?"

"Famfo."

Ya ja shi banɗaki. "Wannan fa?"

"Famfo."

"Akwai na wurin wanki ma. To bututu nawa ne ya sauko daga tanki?"

"Ɗaya, ina jin."

"To ka gani. Bututu ɗaya ya shayar da gida duka, ba wanda ya taɓa kuka. Ita waya da me ta fi shi da za ta ce sai an yi mata 'yan'uwa uku?"

"Maigida, wuta ba ruwa ba ce."

"Haka kowa ke cewa, amma ba wanda ya taɓa zama ya duba."

Mai gyaran wuta ya dube shi, ya dubi sama, ya tattara kayansa cikin jaka. A bakin ƙofa ya juyo ya ce, "Ni dai ba da hannuna ba. In ka ji ƙauri, ka fara kashe babban makunni kafin ka nemi lambata."

Mutumin ya yi kunnen uwar shegu. Washegari bai buɗe shago ba. Ya sayo dunƙulen waya da salatif da ƙananan ƙusoshi, ya aro filaya da sukudireba. Ya kwance soket ɗin falo, ya ɗauko wuta daga nan ya ba esin falo. Daga esin falo ya ja waya ta bi saman ƙofa ta shiga ɗakin yara. Daga ɗakin yara ta zagaya bayan kabad ta faɗa ɗakinsu. Daga ɗakinsu ta leƙa ta taga ta shiga ɗakin baƙi. Duk inda waya biyu suka haɗu ya naɗe su da salatif har sai wurin ya yi ƙulu, yadda yake naɗe bututu mai yoyo. Ya sari yatsa, ya bugi babban yatsa da guduma, bai ko ji ba. Da ya gama ya ja da baya ya dubi aikinsa, ya ji tausayin mai gyaran wuta da ya rasa wannan ilmi.

Abu mai kyau yana son shaida, sai ya ƙwanƙwasa wa maƙwabcinsa. Maƙwabcin tela ne, a gida yake ɗinki, ƙofarsu na kallon juna. Irin mutanen nan ne da ba su iya cewa a'a ba, ko rami ka ce su raka ka sai su tambaya ko su ɗauko fitila. Ya shigo da abin awo rataye a wuya.

"Tsaya nan ka ga ikon Allah," in ji mutumin.

Ya danna rimot, esin falo ya buɗe baki, sanyi ya fara sauka. Tela ya lumshe ido. Suka shiga ɗakin yara, ya danna, nan ma haka. Suka shiga ɗaki na uku, ya danna. Sai suka ji ɗas daga wajen kicin, duk na'urorin suka yi tsit.

"An ɗauke wuta ne?" in ji tela.

Ba a ɗauke ba, don ga ƙwan fitila na ci, firji na gurnani. Suka bi inda ƙarar ta fito. A cikin ɗan sito bayan ƙofar kicin akwatin wutar gidan yake, da 'yan makunnai a jere. Ɗaya daga ciki ya kwanta. Ita ce bireka, wadda in wuta ta yi wa waya nauyi take faɗuwa ta yanke ta kafin wayar ta kama da wuta. Mutumin ya ɗaga ta, suka sake gwadawa. Ɗaya lafiya, biyu lafiya, uku ɗas.

"Matsoraciya ce," in ji shi. "Riƙe ta za mu yi."

Ya sa tela ya danne ta da yatsa, ya je ya kunna. Ɗas. Yatsan tela na kanta, kanta na sama, amma wuta ta yanke.

"Maƙwabci, ta ciki take faɗuwa," in ji tela. "Ni na ji ta a yatsana."

"Munafuka ke nan. A fuska tana tsaye, a ciki tana kwance."

Ya zauna a kan buhun da ke siton ya yi tunani. Can ya ce, "Na gano. Firgita take yi. Muna afka mata ne gaba ɗaya. A hankali za mu bi ta."

Ya ja ƙofar sito ya rufe don kada ta ji. Ya kunna ta farko, suka zauna kamar ba su san da zancen ba. Bayan wani lokaci ya kunna ta biyu. Suka yi hira a kan tsadar zare. Sannan ya cire takalmi, ya yi sanɗa zuwa ɗaki na uku, ya ɓoye rimot a bayansa ya danna. Shiru. Na'ura uku na aiki. Ya dawo yana yi wa tela alama da ido kada ya yi magana. Har ya fara lissafin abin da zai gaya wa surukinsa, sai ɗas.

"Ka gani ko?" ya ce cikin raɗa. "Sai da ta ankara."

Ranar haka ya wuni jiki a sanyaye, gida kuwa a dafe. Da yamma ya shiga wanka. Ya buɗe famfo, ruwan da ya zubo ya kusa sale masa hannu, don tankin a kan rufi yake, rana ta gama da shi. Ya ɗauko jarkar da ke ajiye a inuwa ya tuttula a bokiti, ya sa hannu ya juya, ruwa ya yi daidai. Yana cikin juyawa sai hannunsa ya tsaya. Ya fito da tawul a ƙugu, kumfa a kunne, ya doki ƙofar tela.

"Surki," ya ce.

"Surkin me?"

"Wuta. Ka saurara. Me ya sa bireka take faɗuwa? Sanyi muke ta tura mata ta waya ɗaya, sanyi kan sanyi, har ya fi ƙarfinta. Ko kai aka yi ta kwara maka ruwan ƙanƙara ai sai ka faɗi. To na'urorin nan suna yin zafi ma. Mu sa biyu a sanyi, biyu a zafi. In suka haɗu a cikin waya sai su surku. Abin da zai isa wurinta ɗumi-ɗumi ne, ba za ta ma san an yi ba."

Tela ya sosa ƙeya. "Anya wuta tana surkuwa?"

"Mai ɗinki, ka tsaya a allurarka."

A jikin rimot akwai hoton rana, akwai wani zane mai kama da ƙanƙara. Ya bar falo da ɗakin yara a kan ƙanƙara, ya mayar da ɗakinsu da na baƙi kan rana. Ya kunna duka huɗu. Fitila huɗu kore shar. Suka tsaya a bakin sito suna jiran ɗas. Shiru. Suka ƙara jira. Bireka na tsaye ƙyam.

Abin da gogan bai sani ba, na'urar da aka ce ta ɗumama ɗaki sai ta fara jin ɗakin tukuna. Waɗannan biyun suka ji ɗakunan sun riga sun fi abin da aka roƙe su zafi, sai suka yi zamansu, ba abin da suke ci sai 'yar fitilar nan. Biyu ne kawai ke aiki kamar da. Amma wa zai gaya masa? Ya rungume tela da jiƙaƙƙen jiki, ya ce da a wata ƙasa ce da tuni an sa hotonsa a jarida.

"To amma ɗaki biyu ba sanyi," in ji tela. "Kuma ka ce tsohon kowane ɗaki zai shiga."

"Ƙafa nawa gare shi? Zai shiga ɗaki huɗu a lokaci guda ne? Duk inda ya nufa sai in tura sanyi ya riga shi, wanda ya baro in mayar da shi zafi. Ya ɗaga kai ya ga fitila na ci ko'ina. Kai kuma ka zauna a sito, ko da tsautsayi. In ta faɗi ka ɗaga ta."

"Ina da ɗinkin mutane fa."

"Ni kuma ina da iyalin da ba sa gida."

Tela ya sallama. Har zare ya kawo, ja da shuɗi, aka ɗaura wa rimot biyu, ja na zafi, shuɗi na sanyi, yadda ake yi wa kan famfo. Mutumin ya sa ja a aljihun hagu, shuɗi a na dama. Sannan ya kira surukinsa ya ce, "Baba, gida ya yi sanyi. Ku zo ku gani da idonku."

Ranar da za su zo, tun da safe ya saki sanyi a falo da ɗakin yara, ya ƙure shi. Kafin azahar falon nan in ka shiga sai haƙoranka sun gaisa. Ya share gida, ya sa riga mai guga, ya tura tela sito da kujera da gorar ruwa, ya ja ƙofa.

Sai ga su: suruki a gaba, suruka a baya, sai matarsa da yara. Yaran suka ruga suka maƙale shi. Ya ɗauki ƙaramar, ya ga ƙurajen sun baje, ya rungume ta. Matarsa ta dubi wayar da ta bi saman ƙofa, ta dube shi.

Tsoho ya tsaya tsakiyar falo ya ja numfashi. "To, ba laifi."

Surukar kuwa tana zama ta fara rawar ɗari. Tsohuwa ce mai sanyin ƙashi. Kujerar da ke daidai ƙarƙashin na'urar aka ba ta don girmamawa. Ta ƙudundune cikin mayafi, kunya ta hana ta magana, sai 'yarta ce ta lura ta ɗauko mata bargo ta lulluɓa mata.

Aka shiga ɗakin yara. Sanyi ƙalau. Tsoho ya gyaɗa kai. Yara suka haye gadajensu suka ce su nan za su zauna.

"Saura ɗakinku," in ji tsoho.

"Baba, ku ɗan huta tukuna mana, ku sha ruwa."

"Ban gaji ba."

Nan lissafi ya fara karkacewa. Shi a tunaninsa jama'a za su riƙa tafiya tare kamar masu rakiya. Ga yara sun kafe a ɗakinsu, ga suruka ta kafe a falo, ga tsoho ya nufi ɗaki na uku. Dole ɗaya ya koma zafi. Ya auna, ya ga tsohuwa ai tana cikin bargo, ita ce za ta fi buƙata. Ya zaro ja ya harbi esin falo ta bayan tsoho, ya sha gabansa da sauri, ya zaro shuɗi ya harbi na ɗakinsu.

Tsoho ya shiga. Ɗakin nan tun safe a rufe yake, zafi ya mare shi a fuska.

"Wannan fa?"

"Yana hanya, Baba. Ɗakin ne a ƙarshen layi. Kun san ko ruwa, famfon ƙarshe ne ke samu daga baya."

"To bari mu jira shi." Tsoho ya zauna a bakin gado ya harɗe hannu.

A falo kuwa labari ya sha bamban da na ranar gwaji. Na'urar ta ji ɗakin, ta ji shi kamar cikin firji, an kuma ce ta ɗumama. Abin nema ya samu. Ta zage ta fara huro zafi da gaskiyarta, daidai kan tsohuwa. Da farko daɗi ta ji. Har ta ɗaga murya ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Ashe ka lura ina jin sanyi." Ya amsa daga ɗaki, "Amin, Mama," yana jin kansa a sama.

Jim kaɗan ta yaye bargo. Can ta sassauta mayafi. Can ta fara fifita da gefensa. Ta kira 'yarta a hankali.

"Taɓa goshina. Anya ba zazzaɓi ke neman kama ni ba? Ɗazu sanyi, yanzu zafi."

'Yar ta taɓa, ta ji gumi. Ta ɗaga hannu wajen na'urar, ta ji abin da ke fitowa. Ta buɗe baki za ta kira mijinta, sai ɗas. Gida ya yi tsit.

A ɗaki tsoho ya ɗaga kai. "Me ya faru?"

"An ɗauke wuta, Baba."

Tsoho ya dubi ƙwan fitila da ke ci a saman kansa. "Wannan da me yake ci?"

"Rabi suka ɗauke."

"Rabi."

"Haka suke yi yanzu, Baba. Don kowa ya samu."

Kafin tsoho ya amsa, tela ya ɗaga bireka, na'urori suka yi tari suka tashi. "Kun gani, sun dawo da rabin," in ji mutumin, gumi na bin bayan kunnensa. Ya ce bari ya duba Mama. Ya fito ya tarar da tsohuwa ta koma ƙasa kan dadduma tana haki, matarsa na yi mata fifita da murfin tukunya.

"Baban yara, me ka yi wa abin nan? Wuta yake hurowa."

"Surki ne, ba za ki gane ba. Yanzu zan gyara."

Ya sa hannu a aljihu ya harba. Ashe a ruɗe ya mayar da rimot biyun aljihu ɗaya, ja ya sake fitowa, na'ura ta ƙara ƙaimi. Ya tuna in falo zai koma sanyi dole wani ɗaki ya karɓi zafi, ya ruga ɗakin yara ya harba. Shi ma ɗakin a sanyaye yake, nan take tasu ta kama aiki. Yara suka fito suna cewa ɗakinsu ya lalace. Ɗas. Ƙaras, tela ya ɗaga. Ɗas. Ƙaras. Fitilun na'urori na mutuwa suna farfaɗowa, gogan naka na tsakiyar gida da rimot a kowane hannu, yana juyi yana harbin duk bangon da ya gani. Ido ya raina fata.

Tsoho ya fito daga ɗaki a nutse. Bai dubi kowa ba. Ya karkata kunne, ya bi ƙarar nan har kicin, ya kama ƙofar sito ya buɗe.

Ga tela a tsugune, kujera ta faɗi, gora ba ko ɗigo, riga ta manne masa a jiki, abin awo a wuya, yatsa a kan bireka.

"Sannu da zuwa, Baba," in ji tela.

Tsoho ya juyo. "Wannan kuma wane ne?"

"Ai tare da na'urorin yake, Baba."

"Tela ne ni, Baba," in ji bawan Allah da ƙyar. "Ƙofata ce ke kallon tasu. Don Allah in fito?"

"Fito, ɗana. Bar ta a kwance."

Tsoho ya dawo falo, ya kai bayan hannu kan wayar da ta fito daga soket, ya janye da sauri. Salatif ɗin har ya fara narkewa yana wari. Ya ce a buɗe tagogi duka. Aka buɗe. Aka ba tela ruwa, aka ba tsohuwa ruwa. Kowa ya nemi wuri ya zauna, fanka ta koma aikinta na da.

"To," in ji tsoho. "Yi mini bayani. Daga farko."

Mutumin ya gyara zama. Ko a nan bai karaya da ilminsa ba. Ya faɗi yadda mai gyaran wuta ya so ya ja shi har ƙarshen wata. Ya faɗi halin bireka, da tsoronta, da munafuncinta. Sannan ya zo kan babban batu, har da kwatance da hannu: ga zafi ta nan, ga sanyi ta nan, su haɗu a waya ɗaya su surku, nauyi ya tashi a babu.

"Ranar gwaji ya yi, Baba, wallahi. Ga tela nan shaida. Yau dai ina jin hannuna ne ya yi nauyi wajen zafin."

Matarsa ta cusa fuska cikin mayafi, kafaɗunta na rawa. Tsohuwa ta ce, "Ashe ni aka surka." Dariyar da matar ke dannewa ta ƙwace, har da hawaye. Da ta lafa sai ta dubi yatsun mijinta, duk sara da ƙulun guduma, ta ce, "Baba, ya dai yi ƙoƙari. Don mu ya yi."

"Na ga alama," in ji tsoho.

Ya dubi wayar nan da ta bi saman ƙofa. Mutumin ya rungume ƙaramar 'yarsa a cinya, yana leƙen jakar kayan yara da aka bari a bakin ƙofa, ko za a ce a shigo da ita.

"Ga abin da za a yi," in ji tsoho. "Yau ɗin nan za ka kira mai gyaran wutar nan ka ba shi haƙuri. Ya cire wannan igiyar shanya, ya ja wayarsa huɗu. Ranar da ya gama, ko ba ka kira ni ba zan kawo su."

"To, Baba. Na gode, Baba." Ya ƙara matse yarinyar. "Amma kafin nan fa, Baba? Ƙarshen wata da nisa."

Tsoho ya miƙe, ya karɓi jikarsa, ya saɓa ta a kafaɗa.

"Kafin nan sai mu bi ilminka. Kai ka zauna nan cikin zafi, su su zauna can cikin sanyi. In aka surka, duk gidan daidai kuke."